Fili Mai Lamba Arba'in da Ɗaya

Ni na ja igiyar awo
a bayan Daura, ta hanyar Zango,
ranar Laraba da hantsi.
Ƙafa hamsin, ƙafa ɗari,
yarona yana kafa turakun siminti,
ni ina rubuta lamba.

Na san wurin tun ban san wando ba.
Nan Kawu Nomau ke kawo ni bisa wuyansa
in ruwa ya zauna, fadama ta cika ta batse.
Bai taɓa ce mata daji ba. Unguwanni yake lissafawa.

Nan unguwar bado ce, in ji shi,
ta kirinjijiya, mai fito da dare.
Zalɓe ɗan haya ne, dubi tsayuwarsa da ƙafa ɗaya,
har yau bai yanke shawarar zama ba.
Cikin gambar can fakara ta yi ɗaki,
ɗaga ƙafarka, ƙwai huɗu ne.
Tsohuwar kukar nan bene ce:
zuma a sama, mujiya a kogo,
damo a gindi yana ta haƙurinsa.
Tudun yashi kuwa na kurege ne da yanyawa,
ba sa ga maciji,
amma ƙasa ɗaya ke rufa musu asiri.

Na ce, me ya hana fakara zama cikin bado?
Ya yi dariya har goro ya sarƙe shi.
Kai me ya hana ka kwana a rijiya?

Ba rana ɗaya aka yi ba.
Marke ya tafi gidan burodi a bayan amalanke,
ƙirya ta koma gawayi, buhu-buhu a bakin titi.
Tifa ta yi sawu ɗari, tudu ya zama rami.
Babu wanda ya harbi gauraka.
Wata damina ce ta zo ta zaga sau biyu,
ta rasa inda za ta sauke ƙafa,
ta wuce.

Kuma wa zan zaga?
Mai fili na arba'in da ɗaya Malam Tsalha ne,
shekara goma sha ɗaya yana zubin adashi
don ya fitar da 'ya'ya bakwai daga ɗakin haya.
Su ma sheƙa suke nema.
Ni ma da kuɗin awon na auno masara.

Ranar haƙa harsashi ina tsaye,
diga ta ɗago curin laka, ya dare biyu.
Gaiwa ce a naɗe, da ranta,
tana barcinta na rani,
tana jiran ruwan da bai taɓa saɓa mata alkawari ba.
Duk unguwa an tashi.
Ita kaɗai ba a gaya wa ba.

Lebura ya ce, yau miya ta samu.
Na ba shi ɗari biyar na karɓe ta,
na sa ta a bokitin kwaɓa siminti,
na dubi gabas, katanga,
na dubi yamma, bulo a jere yana shan rana.

An ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.
Kawu, ka tafi ban tambaye ka ba:
wanda aka rushe gidansu fa?

Sun kafa allo a bakin layi, da shuɗin fenti:
Sabuwar Unguwar Gauraka.
Jiya Hajjo ta haɗa baƙaƙen da kanta,
ta ce, Baba, mece ce gauraka?
Na buɗe baki in yi mata kukanta,
sai tari ya fito.

Gaiwar tana nan bayan ɗaki, cikin baho.
Kullum da asuba ina sake mata ruwa.
Kwana goma sha tara ke nan
ina tambayar masu babur
ko sun san wata fadama
da ba a riga an auna ba.